Kwana Huɗu a Aji, Kwana Ɗaya a Ofis: Sakandaren Amurka Masu Kai Yaro Bakin Aiki

A unguwar Pilsen ta birnin Shikago, inda akasarin mazauna 'yan asalin Meziko ne masu faɗi-tashin neman abin sawa a baka, akwai wata sakandare da ba ka taɓa iske ɗalibanta sun cika aji a rana ɗaya. Kowace safiya kusan rubu'insu ba darasi za su shiga ba. Za su hallara cikin shiga irin ta ma'aikatan ofis, a kira suna, a duba wanda rigarsa ta yamutse ko ya manta taye, sannan su kama hanyar tsakiyar birni. Yarinya 'yar shekara 14, wadda a gidansu ba a taɓa yin wanda ya zauna bayan tebur ba, sai ga ta can saman dogon bene a ofishin lauyoyi, ko banki, ko asibiti, tana jera fayil, tana ɗaga waya, tana shigar da bayanai cikin kwamfuta har lokacin tashi. Washegari ta koma aji ta ci gaba da lissafi da adabi, wata ta hau kujerar.

Sunan makarantar Cristo Rey. Limaman Katolika na ƙungiyar Jesuit ne suka buɗe ta a 1996 ƙarƙashin Fada John Foley, wanda ya shafe sama da shekara 30 yana aiki a Peru. Kamfani zai ba da gurbin ƙaramin ma'aikaci guda, ɗalibai huɗu su raba shi, kowa ya yi cikakkun kwana biyar a wata. Albashin gurbin makaranta ake biya, shi ke ɗauke kaso mai tsoka na kuɗin karatun yaran. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihin nan shi ne rashin kuɗi ne ya haifi tsarin. Limaman sun so buɗe makaranta ga iyayen da ba za su iya biya ba, suka rasa inda kuɗi zai fito, wani mai ba su shawara, Richard Murray, ya kawo dabarar yaran su yi aiki. Sai da tafiya ta miƙa aka lura ranar aikin nan tana canza yara fiye da yadda kowa ya zata. Yau makarantu kusan 40 ne a faɗin Amurka ke bin wannan hanya, kuma 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi kaɗai suke ɗauka.

Cristo Rey reshe ɗaya ce kawai. A Amurka akwai tarin makarantu da shirye-shirye da suka kauce wa sakandaren da aka saba, wadda yaro zai yi shekara huɗu a kan benci ana nuna masa ƙofar jami'a ita kaɗai. Wasu ƙananan rukunai ne a cikin babbar makarantar gwamnati, wasu makarantun fasaha ne sukutum, wasu sun miƙe shekara shida har da difloma, wasu kuma an yi su ne don waɗanda suka riga suka watsar da karatu. An daɗe ana auna su, wani lokaci da awo mai tsaurin da ba kasafai ake yi wa harkar ilimi ba. Abin da na fahimta daga wannan awo shi ne, duk inda suka yi tasiri za ka tarar an sada yaro da wurin aiki na gaske, da babban mutum a can wanda ya san sunansa kuma zai iya tsaya masa, sannan ba a toshe masa hanyar ƙarin karatu ba. Yawan injuna da kyan ɗakin koyon sana'a suna zuwa ne daga baya.

Kafin a kai ga hujja, sai an san abin da ya sa Ba'amurke, musamman baƙar fata, yake ɗari-ɗari da duk makarantar da aka ce ta sana'a ce. A 1917 majalisar dokokin ƙasar ta zartar da dokar Smith-Hughes, wadda ta fara zuba kuɗin gwamnatin tarayya a koyar da noma, sana'o'in masana'antu da kula da gida a sakandare. Dokar ta ware wannan karatu gefe: kuɗinsa daban, malamansa daban, masu sa ido a kansa daban. Tun kafin a zartar da ita, masanin ilimi John Dewey ya yi ta jan kunne cewa raba yara gida biyu zai mayar da makaranta wurin gadon matsayi, ɗan mai hali ya gaji ofis, ɗan lebura ya gaji guduma. Haka kuwa aka yi. Shekara da shekaru ana tura 'ya'yan baƙin haure, 'ya'yan baƙar fata da 'ya'yan talakawa ɓangaren aikin hannu ba tare da sun zaɓa ba, don kawai wani malami ya dube su ya yanke cewa kansu ba zai ɗauki lissafi ba. Da yawansu sun yi biyu babu: sun fito da sana'ar da kasuwa ta riga ta wuce, kuma ba su da darussan da jami'a ke nema.

Gardamar ma ta girmi dokar. Booker T. Washington, baƙar fata wanda ya jagoranci makarantar Tuskegee mai koyar da baƙaƙen fata sana'o'i tun 1881, yana ganin 'ya'yan bayin da aka 'yanta su fara riƙe sana'a da dukiya tukuna, sauran haƙƙoƙi su biyo baya. W.E.B. Du Bois, wani masani baƙar fata, ya ce atafau, wannan hanya ce ta dawwamar da baƙar fata cikin yi wa wasu hidima. Wannan gardama ta ƙetaro teku ta same mu har gida. Kwamitin Phelps-Stokes na Amurka da ya zagaya Afirka ta Yamma don nazarin harkar ilimi a 1920 zuwa 1921 ya ba Turawan mulkin mallaka shawarar su kwaikwayi salon Tuskegee, kuma sakataren kwamitin da Birtaniya ta kafa a 1923 don tsara ilimi a ƙasashen Afirka da take mulka shi ne Hanns Vischer, Baturen da ake wa laƙabi da Ɗan Hausa, wanda makarantun da ya fara buɗewa a Nassarawa ta Kano a 1909 suka haɗa da sashen koyon sana'a. Saboda haka idan uba a Kano ko Zariya ya ɓata rai don an ce ɗansa ya tafi makarantar fasaha, yana jin kamar an kira yaron daƙiƙi ne, to shi da wata uwa a Shikago tsoro ɗaya suke ji. Ruwa ba ya tsami banza.

Daga 1983, bayan wani rahoton gwamnati ya ce makarantun ƙasar suna taɓarɓarewa, sai akalar ta juya gaba ɗaya. Jihohi suka ƙara yawan darussan lissafi, kimiyya da Turanci da dole yaro ya ci, ɗakunan kafinta da kanikanci suka yi ta rufewa, taken ya koma jami'a ga kowa. Niyyar mai kyau ce, don waɗanda aka daɗe ana dannewa ne suka fi kowa neman haka. Sai dai lissafin bai fita ba. Har yau manya masu digiri a Amurka ba su kai kashi 40 cikin 100 ba. Cikin waɗanda suka shiga neman digiri, sama da kashi ɗaya cikin uku ba sa kammalawa cikin shekara shida, a kwalejojin shekara biyu kuwa abin ya fi haka muni. Wanda ya shiga ya fita ba takarda, sau da yawa da bashi a wuya yake fita, kuma bashin karatu a ƙasar ya haura dala tiriliyan 1.6.

Ana cikin wannan kai-komo, wata dabara ta daban ta riga ta tsiro a Filadelfiya. A 1969, bayan tarzomar da ta girgiza biranen Amurka, wani lauya baƙar fata mai suna Charles Bowser ya haɗa kai da kamfanin wutar lantarki da na tarho na yankin, suka buɗe ɗan ƙaramin rukuni, bai wuce cikin aji guda ba, a sakandaren Thomas Edison. Makarantar ta yi ƙaurin suna wajen yawan masu gudun karatu, kuma ita ake cewa ta fi kowace sakandare a ƙasar rasa tsofaffin ɗalibai a yaƙin Biyetnam, sama da 50. Yaran rukunin za su zauna tare da malamai iri ɗaya shekara uku ko huɗu, a ɗaura darussansu a kan fanni ɗaya na aiki, a nan lantarki, sannan kamfanonin su buɗe musu ƙofa: ziyara, aikin hutu, ma'aikatan da za su riƙa zuwa aji. Daga baya salon ya bazu zuwa Kalifoniya da Niyok, fannonin suka faɗaɗa zuwa lafiya, harkar banki, otal da yawon buɗe ido. Yau irin waɗannan rukunai dubbai ne.

A kansu ne aka yi binciken da ya fi kowane nauyi a wannan fage, kuma yadda aka yi shi ya cancanci a tsaya a kai. Wahalar auna kowace makaranta ita ce, idan ɗalibanta sun yi fice, ba ka sani ba ko makarantar ce ta gyara su ko tun asali masu himma ne suka neme ta. Cibiyar bincike ta MDRC ta warware wannan da ƙuri'a. Daga 1993, a makarantu tara da masu neman shiga rukunin suka fi gurbi yawa, sai aka jefa ƙuri'a. Waɗanda ta faɗa wa suka shiga, sauran suka ci gaba da sakandaren da aka saba. Duka ɓangarorin sun nema, duka himmarsu ɗaya, talaucinsu ɗaya, sa'a kaɗai ta raba su. Aka bi sawun matasa kimanin 1,400, akasarinsu baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka, har shekara takwas bayan gama sakandare.

Rahoton ya fito a 2008. Waɗanda suka shiga rukunin suna samun kuɗin da ya ɗara na takwarorinsu da kashi 11 cikin 100, wato sama da dala 2,000 a shekara, kuma tazarar ba ta dusashe ba tsawon shekarun takwas. A wajen samari ta kai kashi 17, kusan dala 3,700 a shekara. Samarin sun kuma fi yawan yin aure da zama a gidan kansu tare da iyalinsu. Ga kuma abin da ya ɗaure wa mutane kai: makin jarrabawarsu bai fi na sauran ba, yawan masu kammala sakandare bai bambanta ba, yawan masu zuwa kwaleji ma haka. Ilimin takarda ɗaya, albashi daban. Hakan ya kwantar da tsohon tsoron nan, don an ga rukunin bai hana kowa wucewa gaba da karatu ba. Amma ya bar tambaya: in ba aji ne ya kawo bambancin ba, mene ne?

Inda ɓangarorin biyu suka fi bambanta tun suna makaranta shi ne cuɗanya da wurin aiki. 'Yan rukunin sun fi samun damar bin ma'aikaci su ga yadda yake wuni, sun fi samun aikin sanin makama mai alaƙa da abin da suke karantawa, sun fi zama da manya suna maganar yadda ake neman aiki. A ganina a nan sirrin yake, kuma Bahaushe ya riga ya faɗe shi: da ɗan gari akan ci gari. Akwai ilimin da ba ya cikin kowane littafi. Ka iso kafin maigida ya iso. In ba ka gane ba ka tambaya, kada ka yi shiru ka ɓata aiki. In ka ɓata, ka faɗa da bakinka kafin a gano. Ka san wanda ake yi wa wasa da wanda ba a yi wa. Ɗan likita ko ɗan manajan banki yana tsintar waɗannan a falon ubansa ba tare da ya san yana koyon komai ba, kuma ranar da ya gama karatu akwai abokin baba da zai ɗaga waya saboda shi. Ɗan mai shara ba shi da wannan falo. Abin da makarantar ta yi masa shi ne ta ara masa shi. Matar da ta ga yarinya tana jera fayil ba kuskure tsawon shekara guda ita ce za ta rubuta mata takardar shaida, ita ce za ta tuna da ita ranar da gurbi ya buɗe.

Makarantar Met da ke Providence a jihar Rhode Island, wadda Dennis Littky da Elliot Washor suka buɗe a 1996, ta ɗauki wannan tunani ta kai shi ƙarshe. Malami ɗaya yana riƙe da yara kimanin 15 tun shigarsu har fitarsu. Kwana biyu a mako yaro yana waje wajen wanda yake koya masa aiki a fannin da shi ya zaɓa, gidan rediyo ne, asibitin dabbobi ne, ko shagon gyaran keke. A ƙarshen zango ya tsaya gaban malamai da iyaye da mai koya masa aikin ya nuna abin da ya yi, su yi masa tambayoyi.

Wadda ta fi yin suna kuwa ita ce P-TECH, da aka buɗe a Brooklyn ta birnin Niyok a 2011, haɗin gwiwar hukumar ilimi ta birnin, jami'ar birnin da kamfanin IBM. Ba a jarrabawar shiga. Yaro zai iya yin har shekara shida, ya fito da takardar sakandare da difloma a fannin kwamfuta ba tare da ya biya ko sisi ba, kamfanin ya ba shi mai ɗora shi a hanya daga cikin ma'aikatansa, da aikin sanin makama mai albashi, da alkawarin zama a sahun gaba in gurbi ya samu. Shugaba Barack Obama ya ambace ta a jawabinsa ga majalisa a 2013, ya kuma ziyarce ta a watan Oktoba na shekarar, daga nan ta yaɗu zuwa ɗaruruwan makarantu a ƙasashe da dama. MDRC ta sake amfani da ƙuri'a a makarantu bakwai na Niyok. Sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna bayan shekara bakwai da shiga, kashi 13 cikin 100 na samarin P-TECH sun samu difloma, alhali a takwarorinsu kashi 3 ne. Ci gaba ne na gaske. Amma a sake duba adadin da kyau: mafi yawan yaran ba su kai ga diflomar da aka yi ta tallatawa ba. Masu yayata shirin ba su cika son tsayawa a wannan wuri ba, kuma bai kamata a ƙyale su su wuce ba.

Labarin ya fi nauyi idan aka zo ga waɗanda suka riga suka fita daga makaranta. Shirin Job Corps, da aka kafa a 1964 zamanin Shugaba Lyndon Johnson, yana kwashe matasa 'yan shekara 16 zuwa 24 ya kai su sansani, ya ba su kwana da abinci da karatu da sana'a. Babban binciken da aka yi masa da ƙuri'a ya nuna sun fi samun takardar shaida, an rage kama su da laifi, kuɗin shigarsu ya ɗaga a shekara ta uku da ta huɗu, sannan tazarar ta narke, sai a wajen manyan cikinsu, 'yan 20 zuwa 24. Shirin YouthBuild kuwa ya samo asali ne a gabashin Harlem a 1978, lokacin da wata malama, Dorothy Stoneman, ta tambayi matasan unguwa me za su yi da za a mara musu baya, suka ce su gyara kangayen gidajen da aka yi watsi da su. Rabin lokaci a aji, rabi a wurin gini, da ɗan alawus. Shi ma awon da aka yi masa ya nuna ƙarin masu samun takardar sakandare da shiga kwaleji, amma tasirinsa ga albashi kaɗan ne. Ban ɗauki wannan a matsayin hujjar rufe su ba, don yaron da ya kwana a titi ba alƙaluman albashi kaɗai ake auna cetonsa da su ba. Abin da yake nunawa shi ne gyara bayan yaro ya fita ya fi tsada da wuya nesa ba kusa ba. Akwai ma inda sunan madadin makaranta ya zama rufa-rufa: a 2017 kafar binciken ƙwaƙwaf ta ProPublica ta bankaɗo yadda a Orlando ta jihar Florida ake tura yara masu rauni irin waɗannan makarantu, alƙaluman manyan makarantun su yi kyau, su kuwa yaran su ɓace shiru.

Sai maganar da ta fi damuna, wadda ke maimaita kanta a kusan kowane bincike: ribar ta samari ce. A jihar Connecticut, inda aka bi dubban yaran da suka nemi shiga makarantun fasaha na jihar, an ga samarin da suka samu shiga sun fi kammala sakandare kuma albashinsu ya ɗara da kusan kashi ɗaya cikin uku. A wajen 'yan mata ba a ga wani bambanci ba. Dalili ɗaya a fili yake. Samari suna cika sashen walda, wayarin, aikin famfo da sarrafa injuna, inda takardar sakandare da hannu mai kyau sun isa mutum ya ci abinci. 'Yan mata sun fi yawa a gyaran gashi da kwalliya, girki da renon yara, inda albashi yake ƙasa, ko a fannin lafiya, inda kuɗin kirki sai an ƙara karatu. Makaranta ta buɗe ƙofa, amma tsohon rabon aiki na al'umma ya biyo yara har ciki. Duk shirin da bai tambayi kansa inda 'yan matansa suke ƙarewa ba, rabin aiki ya yi.

Nasara ma tana da nata ciwon. A Massachusetts makarantun fasaha sun gyaru har sun zama abin rububi, masu nema sun fi gurbi yawa, sai suka koma zaɓen yara da maki da halartar aji da tarihin ladabi. Yaron da aka gina makarantar dominsa, wanda zaman aji ya gundura, shi ne ya koma bayan layi. Sai da ƙungiyoyin kare haƙƙi suka kai ƙara kafin hukumar ilimi ta jihar ta amince a 2025 a koma ga ƙuri'a. Akwai kuma gargaɗin masanin tattalin arziki Eric Hanushek da abokan aikinsa, waɗanda suka duba ƙasashe da dama suka ga mai ilimin sana'a yana riga takwaransa samun aiki a ƙuruciya, amma da shekaru suka ja sai ya koma baya, domin sana'ar ta canza shi kuwa ba a ba shi tushen da zai sake koyo ba. Shi ya sa raina ba ya kwanciya da duk tsarin da zai rage wa yaro lissafi da karatu da rubutu da sunan ba shi sana'a.

Amurkawa da yawa suna hangen Suwizalan da sha'awa. A can kusan kashi biyu cikin uku na yara, da sun kai shekara 15 ko 16, koyon aiki suke shiga: kwana uku ko huɗu a kamfani, sauran a makaranta, da albashi, da takardar shaida da duk ƙasar ta yarda da ita, da hanyar wucewa jami'a ga mai so. Sergio Ermotti, shugaban bankin UBS, da haka ya fara yana ɗan shekara 15. Jihar Colorado ta kwaikwayo salon a 2016 da shirin CareerWise. Abin da ke da wuyar kwaikwaya shi ne haɗin kan masu kamfanoni. A Suwizalan ƙungiyoyinsu ne ke tsara abin da za a koyar, kuma bincike ya nuna yawancinsu suna mayar da kuɗin da suka kashe tun kafin yaro ya gama, don aikin da yake yi yana da daraja. A Amurka kowane kamfani yana tsoron ya horar da yaro maƙwabci ya ɗauke shi. Shi ya sa a Cristo Rey akwai ma'aikatan da ba su da wani aiki sai wannan: neman gurabe, horar da sababbin ɗalibai makonni kafin a buɗe makaranta kan gaisuwa da amsa waya da riƙon amana, kiran shugabannin wuraren aiki a ji yadda yaro yake, in an sallame shi a sake horar da shi a nema masa wani wurin. Wannan ɗawainiya ba ta fitowa a hoto, amma ita ke riƙe da ginin.

Idan na karanta waɗannan sai in tuna sakandaren da na yi. Muna da dogon ɗaki a bayan ajujuwa, kullum da kwaɗo a ƙofarsa. Mukan leƙa ta taga mu hango manyan akwatunan katako, wasu an ɓalle murfinsu, injuna a ciki sun sha ƙura, gizo-gizo ya yi saƙa a kansu. Kayan tsarin 6-3-3-4 ne da Najeriya ta fara a 1982, aka shigo da su daga ƙasashen waje da kuɗi masu yawa, ba wuta, ba malamin da ya iya tayar da su. Mun ci jarrabawar fasaha da zanen zarto a takarda. A lokacin kuwa, tafiyar minti biyar daga ƙofar makarantar, akwai kafintoci da makanikai da 'yan walda da ba wanda ya taɓa tunanin ya gayyato su ko ya kai mu wurinsu.

Abin da Amurka ke kashe kuɗi tana ƙoƙarin ƙirƙira, mu muna da shi tun kaka da kakanni. A Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, akwai dubban yara a hannun iyayen gidansu. Maigida ya san sunan yaro, ya san ubansa, ya san ranar da bai ci abinci ba, kuma ranar yaye shi ne zai haɗa shi da masu kawo aiki. Rabin da muka rasa shi ne ɗayan: aji, lissafi, takardar shaida da za a karɓa a wani gari, da wanda zai sa ido kada koyo ya koma bauta. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta fara haɗa kai da masu sana'ar Panteka don tantance gwanintarsu a ba su takarda, kuma wannan mataki ne da ya dace. Sai dai yaron da ke tsakanin shekara 13 da 18 har yanzu zaɓi biyu aka ba shi, ko benci ko gareji.

Kwanakin baya na kai mota gyara. Wani yaro, bai wuce 16 ba, ya kasa kunne ga inji na ɗan lokaci ya ce wa maigidansa, “Oga, fulogi na uku ne ba ya ci.” Aka duba, haka ne. Da aka jona na'urar gano matsalar mota ta fito da rubutu, sai ya miƙo mini ita yana sunkuyar da kai, ya ce, “Yallaɓai, don Allah duba mana me ta ce.” Na karanta masa, ya gyaɗa kai, ya riga ni gane abin da ake nufi. Ana cikin haka aka tashi yaran sakandaren da ke tsallaken titi, suka wuce ta gaban garejin cikin farin yunifom, wasunsu sa'anninsa ne. Ya bi su da kallo har suka sha kwana, sannan ya ɗauki sifana ya koma ƙarƙashin mota.